Makara a Taron Iyaye

Malam Shadrach ya iso Jega a 1983 da akwatin littattafai da tsohon keke, ya koyar da mu adabin Turanci a sakandare. Son aikinsa har ya yi yawa. Kullum sai ya nanata mana cewa tsoffin wasannin kwaikwayon Turawan Ingila iri biyu ne. Akwai na baƙin ciki, inda halin babban mutum ke kai shi ga halaka, a rufe da jana'iza. Akwai na soyayya da raha, a sha ruɗani, a rufe da biki.

Mu dai hadda muke yi. Wanda ya gane abin har zuci shi ne Arzika, ɗan Labbo manomin albasa a ƙauyen Danwarai. Uban ya daɗe yana son ɗansa ya dawo gona. Malam ya ƙudura nuna masa gwanintar yaron, ko ya bar shi ya kai jami'a, sai ya shirya wasa ranar taron iyaye.

Na soyayya ya fara ɗauka. Da ya tuna saurayi zai riƙe hannun budurwa gaban dattawa, ya ajiye, ya ɗauki na baƙin ciki. A ganinsa mutuwa ba ta da abin kunya. An gudu ba a tsira ba.

Arzika ya fito a sarkin yaƙi, ya burge kowa. Da ya faɗi matacce a ƙarshen wasan, mu huɗu muka lulluɓe shi da farin ƙyalle, muka ɗauke shi bisa ƙyauren aji. Ba wanda ya tafa. Labbo ya miƙe.

“Malam, mi munka yi maka? Ɗana da rai nai kunka sa mai likkahwani?”

“Malam Labbo, wasa ne.”

“Ba a wasa da wanga. Arzika, tashi mu tai gida.”

Sau uku Malam ya tuƙa kekensa har Danwarai neman afuwa. Kowane zuwa a karɓe shi da mutunci, a ɗaure masa albasa a bayan keke, amma ba a ba shi yaron ya koma makaranta ba. Har yau abin na ci mini rai, don da hannuna na riƙe ƙyauren nan.

Bayan an cire albasar shekarar aka ɗaura wa Arzika aure. Ina zaune kusa da Malam a wurin walima, tuwonsa ya huce bai taɓa ba.

Ya ce mini, “Ga shi an rufe da biki. A littafi wannan ne na farin ciki.”

Ya ƙara shekara bakwai a Jega, bai sake shirya wasa ba.