Ranar da Kogi Ya Koma Baya

Na kai yayana bakin kogi a Thamesmead, wata unguwa a ƙasar Turawa, na dawo ni kaɗai. Shekara shida ke nan.

Ni ɗan masunta ne daga Yauri, ban yi boko ba. A lokacin ina shara a wani sito, kuma ina ganin babu ruwan da zai ba ni tsoro. Yayan nawa ɗan kawuna ne, malamin makaranta, ya zo ganin likitan ido ya sauka a wurina. Wata Asabar da safe na ce ya zo ya ga kogin Turawa.

Bayan gidajenmu akwai doguwar katangar kankare, an gina ta don ta tare ruwan teku idan ya taso. Ranar kogin ya janye, sai laka da hazo. Akwai tsanin ƙarfe mai sauka ƙasa, da allo a gefensa. Yaya ya karanta, ya ce an rubuta cewa ruwan yana dawowa da sauri. Na yi dariya, na ce ya tsaya a kan alli, ruwa ya bar mini, a garinmu kogi sai ya yi wata yana cika. Ya ce to sarkin ruwa ya shige gaba.

Muka sauka. Mun yi nisa a gindin katangar sai na ga wata gora a kan ruwa. Sama take yi, ba gangare ba. Kogin yana komawa inda ya fito, shiru, ko motsi babu. Na waiwaya, sawunmu duk sun cika da ruwa, tsanin ya ɓace a hazo. Laka ta riƙe Yaya har cinya. Na ja shi har rigarsa ta yage. Daga nan ya daina kokawa, ya ce in tafi, kada a aika gida da labari biyu.

Na kama wata sarƙa a jikin katangar. Katangar santsi ce zalla, babu inda yatsa zai shiga. A sama ina jin takun mutane, wata mata tana kiran karenta. Na yi ihu, kankaren ya maido mini da muryata. Yaya yana salati a hankali, ruwa a wuyansa. Can na daina jin sa. Jirgin ceto ni kaɗai ya tarar.

Katangar ba ta yi laifi ba. An yi ta don kada komai ya haye daga ɓangaren ruwa, kuma ta yi aikinta. Ni ne na auna ruwan wata ƙasa da na garinmu. Duk wanda ya zo nan, idan aka karanta masa allo, ya rufe baki ya ji.

Har yanzu ina Thamesmead, a bene, hawa na tara. Tagata tana kallon kogin. Ban taɓa ɗaga labulen ba.