Hoton da Kaka Ta Kalli Gefe

Kakata ta rantse ba za a binne ta da hoton katin zaɓe ba. Ta ga abin da aka yi wa wata ƙawarta ta zumuntar matan coci: ranar jana'iza aka buga irin wannan hoton a takardar sujada da gaban riguna, fuska a murtuke kamar an kama ta da akuyar mutane. Tun daga ranar Kaka ta hana mu sakat, sai an ɗauke ta hoton mutunci tun tana da ranta.

Ni aka ɗora wa aikin. Muka shiga mota daga Kagoro zuwa Kafanchan, ta sha zanen zumunta, ɗankwali har yana gogar rufin mota.

Mai hoto ya zaunar da ita gaban labule. "Mama, murmushi kaɗan." Kaka ta dafa gwiwoyi ta ƙame. Matar da ke sa unguwa guda dariya, ga ta kamar an kai ta gaban alƙali. Ya yi lallashi, ni ma na yi tawa wautar, ko gezau.

"Ban san shi ba," ta ce da ƙarfi. "Zan yi dariya da shi a kan menene?"

Raina ya fara ɓaci ke nan sai ga wata Bafulatana mai nono ta leƙo. Ashe kasuwa ta zo, ta hango shigarmu. Tsohuwar abokiyar faɗan Kaka ce. Tun ina ƙarama suke tsiya a ƙofar gidanmu, wai nonon ya sha ruwa. Ta sauke ƙwarya, ta tsaya bayan mai hoto, ta ƙare wa Kaka kallo.

"Ke tsohuwa, wannan ɗankwali fa? Miji kike nema?"

Kaka ta juya za ta rama, dariya ta kuɓuce mata. Mai hoto ya danna.

Hoton ya fito ido na kallon gefe, baki buɗe, giɓi a waje. Kaka ta yi ta mita sai an sake. Ba a sake ba.

Shi muka buga a takardar sujada ranar jana'izarta. Mai nono ba ta shiga coci ba, tana zaune gindin mangwaro a waje. Na kai mata takardar. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗora yatsa a kan idon Kaka.

"Ni take kallo a nan," ta ce.

Kukan da na danne tun safe, nan ya ƙwace mini.