Laifin ba na Yaya Isufu ba ne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina kan babur zuwa Agoè aka kira ni, wai Yaya Isufu ya rasu.

Ba ciki ɗaya muka fito ba. Shi ya koya mini rubuta manhaja a ɗan shagonsa na Zongo. In azahar ta yi ban ci komai ba, sai ya turo mini rabin shinkafa da wakensa, ya ce shi ya ƙoshi.

Akwai abin da na ɓoye, yau zan faɗa.

Bara mun yi wa wani mai motocin haya a Adawlato manhajar sayar da tikiti. Yaya ya rubuta laburaren buga tikitin, fayil ne daban da manhajata ke ɗaukowa in ta tashi aiki. Ranar gwaji, a gaban mai motocin, allo ya nuna "undefined symbol". Wato manhajar ta nemi wani aiki a cikin laburaren, ba ta same shi ba.

Na juya wajen mai motocin na ce, "Patron, laburaren Yaya ne bai cika ba."

Yaya ya ja kujera, ya bi sawun fayil ɗin da kwamfutar ke ɗaukowa. Ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "To, zan duba."

Aka cire shi daga aikin, aka bar ni.

Bayan kwana biyu na gano matsalar. Tsohon kwafin laburaren ne da ni na manta a wata folda, shi kwamfutar ke fara cin karo da shi. Sabon da Yaya ya rubuta lafiyarsa ƙalau. Na goge tsohon, na ja bakina na yi shiru.

Watan jiya muka haɗu a kasuwar Hédzranawoé. Na so in kauce, ya riƙo hannuna.

Ya kira ni da sunan ƙaramin yaro da ya saba kira na, ya ce, "Petit, ka goge tsohon fayil ɗin nan kuwa? Kar ya sake ba ka kunya gaban mutane."

Ashe tun ranar ya gani.

Na yi dariyar yaƙe, na ce masa sauri nake yi. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan. Wallahi ina jin kunyar kaina.

Ɗazu na kira mai motocin na gaya masa gaskiya. Ku ma ku sani, aikin Yaya Isufu ba shi da aibi, ni ne na yi kuskure na ɗora masa.

Ya Allah, Yaya ya rufa mini asiri a duniya, Ka rufa masa a lahira, Ka haskaka kabarinsa.

Don Allah ku yi masa addu'a. Duk wanda ya taɓa jin an ce aikin Yaya ya lalace, ku tura masa wannan.