Durƙuso a Limanti

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Yerwa sana'ata ta mutu. Ni ɗan kora ne. Tun ban yi gemu ba nake bin shanu a ƙafa daga kara, wato kasuwar shanu, har Kudu, tafiyar wata biyu, wani lokaci uku. Da aka fara loda su a tarago sai fatake suka ce me za su yi da mu. Ina da mata da 'ya'ya uku a gidan haya a unguwar Dala ta nan Yerwa, kuma ban iya komai ba sai tafiya. Karatun da nake wannan rubutu da shi ma a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Ana cikin haka wani kamfanin fata da gyaɗa ya sa tsere. Manajansu Bature ne mai son guje-guje. Mil ashirin da shida da 'yan kai, daga can gaban Konduga har Dandal, filin ƙofar fada. Yanzu ina ji a rediyo ana ce masa gudun fanfalaki, mu a lokacin gudun Bature kawai muke cewa. Ya ce mutum uku na farko zai ɗauke su masinja, da kaki da keke da albashi duk wata. Uku ya ce, ba huɗu ba.

Akwai wani tsohon soja mai sayar da shayi a bakin tasha, kowa Kofur yake ce masa. Da na gaya masa zan shiga, sai ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ɗan kora, tafiya daban gudu daban. Ka saba bin wutsiyar saniya. Nan babu wutsiya."

"Na taka har bakin teku, Kofur."

"Da sanda a kafaɗa kana waƙa. Gobe bayan asuba ka same ni a bayan Dala, mu ga bakin tekun naka."

Ranar farko mil biyu na yi, na amayar da kokon da na sha. Kofur yana kan kekensa yana dariya har yana neman faɗuwa. Amma bai bar ni ba. Mako goma muka yi. Shi ya koya mini in yi gudu kamar mai jin kunyar ƙasa, kada in buga ƙafa, kada in yi saurin farko. Ya hana ni ɗabi'armu ta 'yan kora ta ƙin shan ruwa sai an kai mashaya. Ya ba ni wani tsohon gajeren wandonsa na kaki. Ina fita gida da dogon wando da hula kamar mutumin kirki, sai mun bar gidaje a baya in tuɓe in ba shi ya ɗaure a bayan keke. Takalmi kam ban sa ba, tafin ƙafata ya fi kowace roba. A mako na takwas na yi mil ashirin ban tsaya ba, Kofur ya ce, "To, yanzu ka fara zama mutum."

A makon nan ne aka faɗi hanyar da za a bi a cikin gari. In an haye gada a miƙe, a ratsa unguwar Limanti, a ɓulla Dandal. Da na ji Limanti na san na shiga uku, domin ƙofar gidan surukina a kan wannan titin take.

Uban matata dillalin shanu ne, dattijo mai nauyi, daga daji iyayensa suka shigo gari. Shekara tara ina auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ganin kaina babu hula ba. In zan je gaishe shi, tun gida uku kafin nasa nake cire takalmi. In na hango shi a hanya sai in faɗa lungu. In babu lungu sai in durƙusa, kuma ba na tashi sai ya sallame ni, don ƙarami ba ya yanke gaisuwa. Ba mugu ba ne. Haka muka taso muka gani, shi ma haka ya yi wa nasa surukin. Bai san ina koyon gudu ba. A wajensa babban mutum ba ya gudu sai in gobara ce ko sa ya kwance.

Na gaya wa matata. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ranar Asabar za a yi tseren ai. Baba ba ya kai hantsi a gida, yana kara har azahar."

"In kuma yana nan fa?"

"Sai ka bi ta lungu."

"An ce wanda ya bar hanya ya fita daga tseren."

"To ka rufe fuska."

"Gwiwoyin fa? Su ma in rufe?"

Ta yi dariya, sannan ta ajiye rariyar ta dube ni. "Malam, garin nan da nake tankaɗewa shi ne na ƙarshe a buhu. Ka wuce kawai. In ya yi fushi ni zan je in ba shi haƙuri."

Kofur shi ko cewa ya yi, "In uban da ya haife ka ka gani, ka ɗauka bishiya ce."

Na ce to. Amma duk sauran kwanakin, in ina gudu ba numfashi nake tunani ba, wannan ƙofar nake gani.

Ranar tseren, bayan sallar asuba, babbar mota ta kwashe mu. Mun kai mu arba'in, leburori da 'yan ga-ruwa da samarin da suka gama makaranta ba aiki, da 'yan kora irina guda huɗu. Wani akawu ya hau bayan motar ya karanta doka da Hausa da Barbarci. Ba a barin hanya. Ba a hawa komai. Wanda wani ya taɓa shi da sunan taimako ya fita. Aka manna mana lamba a ƙirji, aka busa usur.

Samarin makarantar suka tashi kamar an sako 'yan awaki. Ƙafata ta so ta bi su. Kofur na gefen hanya a kan keke, ya ce, "Bar su. Za ka tarar da su a kwance." Haka kuwa aka yi. Tun kafin rana ta yi zafi na fara wuce su ɗaya ɗaya, wani a gindin ƙaya yana riƙe da ciki, wani yana ɗingishi da takalminsa a hannu. Lokacin kaka ne, gero ya nuna a gonaki, iska babu. Duk mil biyar akwai randa da moɗa, ina sha ina zuba saura a ka.

Wajen mil goma sha biyar muka rage mu huɗu a gaba. Biyu 'yan'uwan juna ne daga duwatsun Gwoza, sun yi mana nisa tun tuni, ko ƙeyarsu ba ma gani. Saura ni da wani dogo daga wajen Biu, kafinta ne da aiki ya yanke masa. Wuri ɗaya ya rage, mu kuwa mu biyu ne. Mun yi wajen mil shida kafaɗa da kafaɗa. Ina jin numfashinsa yana jin nawa. Sau ɗaya ya miƙo mini moɗa bayan ya sha, na karɓa. Ban ƙi shi ba, shi ma da nasa bakunan a gida.

Bayan mil ashirin jikina ya zama ba nawa ba. Cinyoyina suka yi tauri kamar itace, bakina ya yi ɗaci, kwalta ta fara cin tafin ƙafata. Amma na lura dogon nan ya fara jan ƙafar hagu. A hawan gada na ƙara ɗan ƙarfi, bai biyo ni ba. Kofur ya waiwaya ya ce, "Taku ɗari ka ba shi. Riƙe haka. Kada ka waiga, ɗan kora, kekenka na jiran ka."

Muka shiga gari. Mutane cike a bakin titi, mata suna guɗa ta kan katanga. Abin da ban sani ba, tun jiya mai shela ya zaga unguwanni ya ce gobe masu gudu za su ratsa, kowa ya kama awakinsa. Rabin garin bai je ko'ina ba, an zauna kallon mahaukata.

Na karyo kwanar Limanti na hango darbejiyar ƙofar gidan. A gindinta an shimfiɗa tabarma, dattawa huɗu a zaune. Na biyu daga dama, mai farin rawani da sanda a kan cinya, shi ne.

Tsakanina da su bai fi taku saba'in ba, Dandal kuma bai kai rabin mil ba. Na sunkuyar da kai, na koma ɗaya gefen titin. Na ce a raina bishiya ce. Wallahi na yi niyyar wucewa. Sai na ji ɗaya daga cikin dattawan ya ce da ƙarfi, "Alhaji, wannan ba mijin 'yarka ba ne?"

Ba zan ce na yi shawara ba. Kafin in san abin da nake yi na tsallaka titin, na zube a bakin tabarmar, ina jan 'yar singiletina ina son ta rufe gwiwa, ita kuwa ko cibiya da ƙyar.

"Baba, ina kwana."

Ya kawar da kai gefe. Kunyar da nake ji shi ma ita yake ji, ko ta fi. Ga surukinsa tsirara rabi a gaban abokansa, kai babu hula, gumi na ɗiga.

"Wushe, wushe," ya amsa da gaisuwar Barbarci. "Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Yaya gida?"

"Lafiya lau."

"Yaran fa?"

"Suna lafiya."

"Madalla. Yaya zafin nan?"

"Da godiya."

Kofur ya jefar da keke a tsakiyar titi. "Alhaji, sallame shi! Don girman Allah sallame shi, tsere yake yi!"

Tsohon bai san abin da ake ciki ba. Shi dai ya ga an durƙusa masa, kuma bai taɓa sallamar mutum a tambaya ta huɗu ba, wulaƙanci ne. Ya sake cewa yaya mutanen Dala. Na ce suna gaisuwa. Ina amsawa ina jin takun dogon nan a bayana, ƙafa ɗaya na ja. Sai a lokacin wani dattijo ya raɗa masa wani abu a kunne. Surukina ya zabura ya ce, "Af! Tashi, ɗana, tashi ka je."

Na yunƙura, ƙafa ta ƙi.

Wanda bai yi gudun mil ashirin da biyar ya durƙusa ba ba zai gane ba. Jijiyoyin bayan cinyata duka biyu suka ɗaure tamau kamar an ja igiya. Na sake yunƙurawa na faɗi a kan hannuwana. Dogon Biu ya zo ya wuce, ya dube ni sau ɗaya.

Surukina ya miƙe ya miƙo hannu zai ɗaga ni. Mutumin da shekara tara ko musabaha ba mu taɓa yi ba.

"Kada ka taɓa shi!" in ji Kofur. "In ka taɓa shi ya fita!"

Ya tsaya da hannu a miƙe, bai san ya ci gaba ko ya janye ba. Ni kuwa na rarrafa a gaban dattawan nan har gindin darbejiyar, na rungume ta na ja jikina sama. Ina ta dukan cinyata da hannu. Kafin ta saki, wani ɗan ga-ruwa ma ya wuce. Na bar bishiyar na fara tafiya kamar mai ƙafar katako, daga baya ta ɗan zama gudu. Ina hango bayan dogon nan har ya shige cikin taron Dandal.

Na biyar na zo. Baturen ya ba ni hannu, akawunsa ya miƙo mini sandar sabulu da kofin ƙarfe mai fenti. Kofur ya ɗora ni a bayan keke ya kai ni gida. A ƙofa ya kwance wandona da hulata ya miƙo mini, ya ce, "Sojan da ya fi ka wauta ban taɓa gani ba," ya juya ya tafi.

Labari ya riga ni isa. Matata ta karɓi sabulun ta ajiye, ta ɗora ruwan zafi. Da na ce mata ai Baba ne, sai ta ce, "Na sani. Miƙo ƙafar."

Da la'asar wata gwaggonta ta zo daga Limanti da ƙwarya cike da man shanu, ta ce Alhaji ya ce a shafa wa mai ciwon ƙafa. Iyakar saƙon ke nan. Har ya bar duniya bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Mutane sun sha tambayata ko na yi nadama. Ban san amsar ba. Da na wuce shi da na ci albashi shekara da shekaru, da kuma na kasa haɗa ido da kowa a Limanti. Wasu sun ce na yi daidai, amma ba su suka kwana da yunwa a gidana ba.

Kwana takwas ina salla a zaune. A na tara na ɗingisa zuwa tashar jirgi, na sami shugaban leburori, na ce masa na san halin shanu, in suna neman mai tura su cikin tarago. Ya ce in dawo Litinin da igiyata.