Hoton Man Gyaɗa Kusa da Maganin Feshi

Shekarun baya, lokacin ina da ƙaramin shagon taki da maganin feshi a Gaya, maiɗakina kuma tana yin man gyaɗa a gida, abokina mai gyaran waya ya ce zai buɗe mana shafi a intanet, don duk wanda ya nemi mai ko taki a yankinmu ya fara ganinmu.

Shawararsa ita ce kowace sana'a ta samu nata adireshin, ko dai nata shafin da nata hoton. Ni kuwa na ƙi. A ganina mutum ɗaya da adireshi biyu yaudara ce, za a zaci kamfani biyu ne, ranar gobe a tambaye ni. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to a haɗa. Na ɗauko jarkar mai daga gida, na ɗora a kan kantar shago kusa da kwalaben maganin feshi, ya ɗauki hoto, na mayar da ita. Ashe duk abin da mutum ya nema, hoton nan ne zai fara fito masa.

Bayan kaka wata dattijuwa daga Toranke ta sayi mai don sunan jikanta. Washegarin suna wani yaro a gidan ya kwanta da amai. Ɗanta ya buɗe waya yana nuna wa mutane hoton. Sai ga kiranta.

"Malam, tsakaninka da Allah, wajen guba kuke ajiye man da muke ci?"

Na san man bai taɓa kwana a shago ba, amma sai na fara tuhumar kaina. Murfin jarkar a rufe yake ranar? Na wanke hannu? Har na manta waccan jarkar an daɗe da sayar da ita. Magana ta zaga, mata suka fara dawo da kwalabe. Maiɗakina ta daina hura wutar suyar gyaɗa. Ba ta zarge ni ba, tambayarta kullum ita ce ya jikin yaron.

Na hau babur zuwa Toranke. Duk keke napep ɗin da ya taho ta gabana sai na leƙa, ina tsoron in ga an kwantar da yaro an lulluɓe. Na tarar an kai shi asibiti, an gwada jini, zazzaɓin cizon sauro ne. Na zauna a ƙasa. Dattijuwar ta ce Allah ya kyauta, amma in cire hoton nan.

Ko gida ban biya ba na wuce wajen abokina. Ya raba shafukan, mai da nasa adireshin da hotonsa a tsakar gida, taki da magani da nasu. Masu saye suka dawo a hankali, wuta ta sake kamawa.

Abin da na gane shi ne, wanda ke duba waya bai san gidanka ba, abin da ka jera masa wuri ɗaya shi yake ɗauka tare suke zaune. Dattijuwar har yau muna gaisawa a kasuwa cikin mutunci, tana tambayar mutanen gida. Sai dai kwalbar man da ke hannunta ba tamu ba ce, kuma ban taɓa iya tambayarta ba.