Dakaren da Na Ƙi Karɓa

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya koya mini ces, wato darar Turawa. Gidansa yana ƙetaren iyaka, a ɓangaren da muke kira ƙasar Faransa, mu kuma ƙauyenmu yana tsakanin Illo da Lolo. Ya yi sojan Faransa, kuma a wani asibitin soja, inda ya yi watanni yana jinyar ƙafa, ya koyi wasan. Da aka sallame shi ya dawo gida da ɗingishi da wani akwatin katako mai ƙugiyar tagulla. Idan aka buɗe akwatin aka kife shi, bayansa shi ne allon wasan. 'Ya'yan wasan kuma suna ciki, a nannaɗe cikin tsohuwar safar soja.

Sunayen da ya ba su da Hausa su nake kira har yau: sarki, sarauniya, doki, soro, da dakaru takwas a sahun gaba. Wanda yake tafiya a karkace kuma ya ce sunansa wawa, don shi ne ke tsayawa kusa da sarki a fada. Idan ya yi wa sarkina barazana sai ya ɗaga murya ya ce, “Eshek!” kamar yadda ya ji sojoji suna faɗa.

Kowace ranar kasuwar Lolo yakan zo a kan jaki, ya sauka a rumfar wani tela abokinsa. Idan ina hutun makaranta, can nake samunsa. Ba mu taɓa yin shawarar wanda zai ɗauki farare ba. Farare ne ke fara tafiya, yaro kuwa ba ya sa hannu a akushi kafin babba. Saboda haka baƙaƙe ne nawa tun ranar farko, kuma tun ranar farko ban taɓa cin Kawu ba.

A shekarar da aka samu 'yancin kai na dawo hutun damina daga makarantar midil, na tarar idanunsa sun yi fari-fari. Yana sunkuyawa sosai a kan allo kafin ya gane doki daga wawa. Amma bakinsa yana nan yadda na san shi. Su a can sun riga sun sauke tutar Faransa, mu kuwa muna ta koyon maci a makaranta muna jiran tamu ranar, kuma bai bar ni na huta da wannan ba.

“Mu mun karɓe namu tun tuni,” in ji shi. “Ku kuna nan tsugunne kuna jiran a miƙo muku.”

Ranar ya cinye ni sau biyu kafin azahar. Yana mayar da 'ya'yan cikin safa sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Akwatin ga, akawun duwan zan ba. Idona ya kusa tahiya, shi ko ya san wasa. Yakan cinye ni wata rana.”

Akawun duwan shi ne ma'aikacin kwastan na ɓangarensu, wanda Kawu yake wasa da shi a sauran ranakun mako. Ban taɓa tunanin akwatin zai bar danginmu ba.

Tela ya tsayar da kekensa. “Haba, tsohon soja! Ga ɗan ƙanwarka zaune?”

“Wanga? Wanga ɗan kirki ne, ba ɗan wasa ba. Shekara nawa muna yi, bai taɓa ce ma sarkina eshek ba. Kasuwa ukku ta rage kafin ya koma boko. In ya cinye ni sau guda, shi ɗauka. In bai ci ba, to.”

Ni dama ba mai magana ba ne, musamman a gaban manya. Na raka shi har inda ya ɗaure jakinsa, na riƙe masa akwatin ya hau, na miƙa masa.

Akwai abin da Kawu bai sani ba. Tun hutun farko nake rubuta wasanninmu. Da na koma gida nakan ɗauki littafin rubutu na makaranta, in ja layi da rula, in rubuta tafiyarsa a hagu, tawa a dama, iyakar abin da na iya tunawa. Ban taɓa komawa na karanta su a jere ba, don babu daɗi mutum ya zauna yana karanta yadda aka yi ta kayar da shi. Wannan karon na karanta, tun daga shafin farko.

A lokacin gero ya fara nuna, aikina shi ne korar tsuntsaye. Ina hawa rumfar tsaro a tsakiyar gona tun hantsi, igiyar gwangwanaye a ɗaure a babban yatsan ƙafata, ina ja ina karatu. A can na ga abin da ya kamata in gani tun da daɗewa. Kusan duk wasannin iri ɗaya suke farawa. Kawu ya tura dakaren gaban sarkinsa gida biyu, ni ma in tura nawa su yi karo. Sai ya tura dakaren gaban wawan sarki gida biyu, ya ajiye shi daidai inda nawa zai ci shi, babu mai tsaronsa. Ni kuma in ci. Shafi bayan shafi, in ci. Daga nan dakarena ya bar tsakiya, hanya ta buɗe wa soronsa, dokinsa da wawansa su fito, ni kuwa in ƙare wasan ina tare ƙofa.

Na daɗe ina tambayar kaina dalilin da ya sa ban taɓa barin dakaren nan ba. Babu dokar da ta ce dole in ci. Amsar da na samu ta ba ni kunya. Yadda Kawu yake tura shi, da yatsu biyu, yana ɗan murmushi, daidai yake da yadda yake miƙo mini ƙosai ko ɓarin goro in kai wa Inna. An tashe ni a kan cewa idan babba ya miƙo maka abu ka sa hannu biyu ka karɓa, ko ba ka so. Hannuna yana karɓa tun kafin kaina ya yi tunani.

Na zana allo da gawayi a kan wani faifan katako. Farare na yi su da ɓargon kara, baƙaƙe da yumɓun bakin fadama. Na fara gwada abin da zai faru idan na ƙi ci. Na gwada tsare dakarena in zauna shiru, na ga 'ya'yan Kawu za su taru a kaina a hankali, mutuwar dai tana nan, jinkiri kawai aka samu. Na gwada fito da wawa, ya fi, amma har yanzu ni ne mai jira. Sai a kwana na biyar wani tunani ya zo mini wanda ya sa na manta da igiya har tsuntsaye suka sauka: in bar nasa a inda yake, in miƙa masa nawa. In tura dakaren gaban sarauniyata gida biyu, cikin bakin dakarensa na tsakiya.

Na bi rassan abin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shafinsa. Idan ya yi kwaɗayi ya ci dakaren sarkina da wancan da ya miƙo, sarauniyata za ta fita gefen allo ta yi wa sarkinsa barazana, kuma a ƙarshe soronsa na lungu zai tafi. Na san Kawu ba zai faɗa wannan ramin ba. Zai ci wanda na ba shi. To a nan sai in ƙi ramawa, in tura dakaren sarkina gaba gida ɗaya, ya tsaya ya hana dokinsa fita ta inda ya saba. Dakaren da yake miƙo mini kuma ya zama kaya a kansa, ya tare wa wawansa hanya, ya bar gefen sarkinsa a buɗe.

Abin da ya fi wuya shi ne yi wa Kawu wasa da gaskiya. Idan na koma ɓangaren farare sai in ga ina zaɓar masa tafiyar da ta fi mini sauƙi. Dole na riƙa tashi ina zagayawa ɗaya gefen, in zauna yadda yake zama, ƙafa ɗaya a miƙe, in tambayi kaina wace muguntar zai yi a nan.

Kasuwa ta farko ta zo ban gama ba. Na san idan na nuna masa rabin shiri, zai kai wa akawun duwan su kwana shida suna nema masa magani. Saboda haka ya miƙo dakare, na ci, ya cinye ni. Kasuwa ta biyu ma haka. Wannan ta fi ciwo, don a lokacin na riga na shirya kusan komai, reshe ɗaya ne bai kwanta mini ba.

Inna ta lura ba na cin tuwo sosai. Da ta ji dalili sai ta ce, “Yayana ne fa. Bari in yi mishi magana, ba ya hana ni katako.”

Na ce, “Inna, don Allah kada ki ce masa komai.”

Ta dube ni, ta ga da gaske nake, ta ƙyale.

Ranar kasuwa ta uku na tarar da mutum uku a rumfar, Kawu da tela da wani siririn mutum mai gilashi da wandon kaki. Akawun duwan ne, ya zo tafiya da akwatinsa. Na gaishe su a tsugunne, na jera baƙaƙe.

Kawu ya tura dakaren sarki, na tura nawa. Ya tura na gaban wawa da yatsu biyu. Na sa hannuwana duka biyu a ƙarƙashin cinyata na ƙirga goma. Sannan na tura dakaren sarauniya.

Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa allo. “Mi ne ne wanga? Na ba ka abu ka ƙiya?”

“Boko ta ɓata shi,” in ji tela. “Jiya-jiya anka yaye shi, yau shi ka ba kawunai sadaka.”

Kawu ya ci dakaren. Na tura na sarki gaba. Hannunsa ya tafi kan doki kamar kullum, ya tsaya a sama, ya dawo. Ban taɓa ganin hannun Kawu ya dawo ba. Ya fito da ɗaya dokin, na fito da nawa. Ya zo ya tunkuɗe dakaren da ya tsaya masa a wuya, na ɗaure dokinsa da wawana, ya kwance da nasa wawan. Duk wannan yana cikin littafina. Sai na sake tura dakaren nan gaba, shi ma na ba shi. Akawun ya cire gilashinsa ya goge. Kawu ya ci, ni kuma na ɓoye sarkina a lungu. Dakaru biyu ya fi ni, amma sarkinsa yana tsaye a tsakiya, layin da ke gabansa babu dakare ko ɗaya.

Bayan tafiya biyu na kawo soro kan layin. Na san abin da ya kamata in faɗa. Na motsa leɓe kawai.

“Ban jiya ba,” in ji Kawu.

“Eshek, Kawu.”

“Kunnena lahiya lau yake, ido ne babu. Ban jiya ba.”

Na faɗa da ƙarfi har wata mai sayar da nono da ke wucewa ta waiwayo.

Daga nan littafina ya ƙare, sauran sai abin da na gani da idona. Ya tare da wawa, na ƙara wa wawan nauyi da nawa. Ana cikin haka ya ɗauki sarauniyarsa ya ajiye a gidan da dokina zai cinye ta a banza. Na gane bai ga dokin ba ne, ya ɗauka dakare ne. Akawun ya buɗe baki ya rufe. Da a ce na ci, da wasa ya ƙare a nan.

Na ce, “Kawu, wannan doki ne.”

Ya shafa kan dokin da yatsa, ya mayar da sarauniyarsa ya yi wata tafiyar. Bai yi godiya ba, ni ma ban so ya yi ba.

Wasan ya ja har aka kira azahar ba mu tashi ba. Na ba da sorona na ɗauki wawan da ke tsare sarkinsa, dokina ya shiga tsakiya. Daga baya, da na rubuta wasan, na ga akwai inda zan gama da shi tun da wuri na wuce ban gani ba. Amma ban koma baya ba ko sau ɗaya. Sarkinsa ya gudu gefen allo, sarauniyata da doki suka bi shi, har ya rasa gidan shiga.

Kawu ya daɗe yana shafa gidajen da ke kewaye da sarkin, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kwantar da shi da yatsa. Ya juya wajen akawun ya yi masa magana da Faransanci, akawun ya yi dariya ya miƙo mini hannu muka gaisa.

“Mi ka ce mishi?” in ji tela.

“Na ce ya yi tahiyar banza.” Ya turo mini akwatin da ƙafarsa mai lafiya. “Tattara kayanka. Ka ƙirga su, talatin da biyu ne, kada ka zo ka ce na riƙe maka guda.”

Na ƙirga su sau biyu.

A hanyar gida hadari ya taso daga gabas, ya same ni a fili babu ko bukka. Na tuɓe rigata ta makaranta na naɗe akwatin, na rungume shi a ƙirji na sunkuya ina tafiya, ruwa yana dukan bayana. Haka na shiga gida, daga ni sai gajeren wando, ina rawar sanyi. Inna ta fara faɗa tun daga bakin ƙofa, ta ce zazzaɓi zan ja wa kaina ana saura kwana huɗu in koma makaranta. Ban tsaya ba sai da na shiga ɗaki na warware rigar na duba. Ruwa ya taɓa kusurwa ɗaya kawai, na goge shi da gefen zanen gado.