Takalmin Yaya Ramatu a Ƙofar Coci

Wata ranar Alhamis ce, a babban hutun shekarar da na gama aji biyar na lakwal, wato firamare, in ban yi kuskure ba, ruwan sama ya tare mu ni da Gwaggo Hadiza a wani ƙauyen masunta da ke bakin teku, yamma da Kwatano. Gwaggo ƙanwar babana ce, can take aure, ita ta ɗauko ni daga Damagaram in yi hutu wurinta. Ranar mun je sarin gishiri da busasshen kifi. Ni kuwa tun safe hankalina yana kan ƙafata, domin takalmin Yaya Ramatu na sa, na jar fata mai adon koren zare. Sai da na karɓar mata wanke-wanke da sharar tsakar gida da ba tumaki dusa, har hannuna ya yi kanta, kafin ta ara mini shi. Da za mu shiga mota a Damagaram ta ce, "In ya ɓata, ki yi zamanki can kawai."

Ruwan can ba ya sallama. Namu sai hadari ya haɗu, iska ta taso, an kwashe shanya, amma nasu saukowa kawai yake yi. Rufin da ya fi kusa da mu na wani ɗan coci ne, fari, iskar teku ta cinye fentinsa, an ce tun zamanin Faransawa aka gina shi. Na ja baya. Gwaggo ta ce, "Ke, ɗakin ibada ne, ba ya cizo." Muka yi abin da muka sani: muka tuɓe takalma, muka jera su a bakin ƙofa, muka shiga da ƙafar dama, har da sallama.

Ciki akwai ƙamshin kyandir da na jiƙaƙƙen katako. Na duba tabarmi ban gani ba, sai bencina, ga wasu mata zaune a kai da takalmansu a ƙafa, abin da ya ɗaure mini kai matuƙa. A kusurwa akwai mutum-mutumin wata mace mai shuɗin mayafi, wata tsohuwa tana shara kusa da shi. Ina jin ta fita ta dawo, amma ba zan rantse ba, domin idona yana kan gilashin taga mai launi-launi.

Da ruwa ya ɗauke muka fito, babu takalma. Ga aladu suna kiwo cikin yashi, ɗaya yana tauna wani abu. Na fashe da kuka, ina lissafin yadda zan tsufa a Kwatano. Gwaggo ta ce, "Ke kina kukan na aro, ni da zan shiga mota ƙafa a ƙasa da jakar kifi a ka fa?"

Sai tsohuwar nan ta kamo hannuna ta mayar da ni ciki. Ba ta jin Hausa, amma ta nuna aladun, ta motsa baki kamar mai tauna, tana dariya. Ashe ita ta kwashe takalman, ta goge su, ta ajiye a gindin mutum-mutumin. Gwaggo ta dubi ƙafafun matar mai mayafi, babu takalmi, ta ce, "Kin gani? Ita ma ta tuɓe nata." Yaya Ramatu ta karɓi kayanta lafiya lau, sai dai ta daɗe tana tambayar dalilin ƙarnin kifi.

Yanzu ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Saint-Fons, kusa da birnin Lyon a ƙasar Faransawa, cikin takalmi mai nauyi da doka ta hana a cire, ni kuma ba na wasa da doka. Gwaggo ta tsufa, sai dai mu gaisa a waya. Kwanan baya abokan aiki suka kai ni babban cocin da ke kan tudun Lyon, wanda wataƙila ɗan cocin ƙauyen nan zai shige cikin ƙofarsa. Mutane suna ta wucewa da takalmansu, ba mai tsintsiya, ba mai kula da ƙafar kowa. Sai da na sunkuya na kama igiyar takalmina kafin na tuna inda nake.

Ashe ƙafa ba ta manta tarbiyyarta.